Takalmin Mai Jan Raƙumi

A Jidda idan namiji ya ce yana son 'yar mutum, ba a fara tambayar sunan ubansa ko garinsu. Iƙama ake tambaya, wato katin zaman ƙasa. Mai ita mutum ne. Marar ita kuwa inuwa ce, kuma babu uwar da ke aurar da 'yarta ga inuwa.

Mato ba shi da ita.

Najwa ta san haka tun ranar da ya fara tare ta a bakin asibitin haƙori inda take aikin karɓar baƙi. Shekara shida ke nan da ya zo umra daga Tawa ta ƙasar Nijar, ya yi ɗawafi, ya yi aski, jirginsu ya tashi ba shi a ciki. Abin da uwarta, Umma Mariyamu, ta sani shi ne yana ɗaukar kaya a wani sito a Madinar Masana'antu, kuma takardunsa ana kan gyara su. Siton gaskiya ne, daga Lahadi zuwa Laraba. Abin da aka ɓoye mata shi ne daga Alhamis yana can jeji bayan Usfan, yana jan raƙuman wani ƙaramin kamfani mai kai baƙi kwanan sahara. Duk Bahaushen Jidda ya san irin mutanen da ke wannan aiki. Waɗanda ba sa son a gan su a titi ne.

Sau ɗaya tak Umma ta bari ya shigo ɗakinsu na unguwar Balad. Ya tuɓe takalmi tun daga matakala, ya durƙusa a bakin ƙofa, bai ɗaga kai ba har ya fita. Da ya tafi ta ce, "Yana da ladabi. Sai dai ba a nuna ladabi a tagar asibiti a ba mutum gado."

Shi ke nan maganar.

Mohannad kuwa ɗan ƙawar Umma ne, haifaffen Jidda. Yana da shagon gyaran waya a Balad, yana da iƙama, yana da mota, yana da turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Shekara biyu yana neman Najwa da haƙurin mutumin da ya tabbata babu mai sayen kayan sai shi.

Ranar wata Talata ya shigo da murmushi, ya sumbaci kan Umma.

"Khala, tun da aka rushe unguwarku ta Karantina ba ki sha iska ba. Na yankar mana tikiti uku. Bas, raƙumi, kwana a tanti, shinkafar kabsa, duka."

"Ni da wannan gwiwar?"

"Akwai motar kaya, Khala. A gaba za ki zauna kamar amira."

Ya miƙa wa Najwa takardar tallan. Ta ga hoton raƙumi, ta ga sunan kamfanin, sai ta gane inda Mato ke aiki ne. Ta ɗago kai. Mohannad yana kallonta, kallon mai gyaran waya da ya riga ya ga abin da ke cikin wayar.

"Kin san wajen ne, ya Najwa?" ya ce a hankali.

"Ban sani ba."

"Za ki so shi. Masu jan raƙumansu akwai kirki. Na ga hotunansu."

Da yamma ta hau saman bene ta kira Mato.

"Kada ka je wannan satin. Ka ce ba ka da lafiya."

"Mu ukku ne kaɗai, Najwa. In na ƙi zuwa maigida Bandar ya ɗauki wani, kuma ba ya mai da mutum."

"Umma za ta gan ka!"

"Za ta ga rawani. Mu duka naɗe muke, ido kaɗai a waje. Ni ba zan yi magana ba. Wa ke kallon huskar mai jan raƙumi?"

A nan ya yi gaskiya. Ba a kallo.

*

Ranar Alhamis bayan azahar bas ta kwashe su a bakin Balad. Mutum ashirin da biyu a motar mutum goma sha takwas. Akwai ma'aikatan jinya 'yan Filifin guda biyar da ke rera waƙa tun kafin a tashi, da iyalin wani Bamisre, da samari 'yan Pakistan masu tabarau iri ɗaya. Na'urar sanyi ta yi aiki har ƙarshen gari, daga nan ta ga ta yi iya yinta. Bandar, mai kamfanin, ya tsaya a gaba da lasifika yana bayyana musu cewa za su ga rayuwar kakanni.

"Kakanninmu a ƙafa suka zo daga Kano, shekara biyu a hanya," in ji Umma tana fifita da takardar tallan. "Ba su biya kowa don ya nuna musu wahala ba."

Mohannad ya yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta.

Inda kwalta ta ƙare raƙuma na gurfane a jere, goma sha biyu, suna tuƙa da fuskar tsofaffin da suka gaji da duniya. Mutum uku naɗe da rawani suna tsaye kusa da su. Najwa ba ta bukaci fuska ba. Ta san kafaɗar da ta ɗan karkata hagu saboda buhunan sito. Ta san takalmin, fade na fata da ya zo da shi daga Tawa, wanda aka ɗinke maɗaurinsa da baƙin zare. Ita ta ba shi zaren.

Aka sa Umma a motar kaya tare da tantuna da tukwane. Najwa ta sauke ajiyar zuciya.

Hawan raƙumi yana da ƙa'ida ɗaya, kuma Bandar ya maimaita ta da Larabci da Turanci. Raƙumi da ya ji nauyi a bayansa yake son miƙewa, kuma da ƙafar baya yake farawa, sai ya wurgo mutum gaba. Don haka mai ja yakan taka gwiwarsa ta gaba da ƙafa ɗaya, ya riƙe akala gam, ba ya ɗagawa sai mahayi ya zauna daram ya kama ƙarfen sirdi. Ƙafar nan ita ce duk abin da ke tsakanin baƙo da ƙasa.

Mato ya taka gwiwar wata farar taguwa. Najwa ta hau. Bai dube ta ba.

Awa biyu suka yi suna ratsa tudun rairayi, raƙumi ɗaure da raƙumi. Ta zauna a sama kamar kaya, shi yana ƙasa yana ja, ga Mohannad a raƙumin baya yana ɗaukar hoto.

"Ya sadik!" ya ƙwala wa Mato kira. "Daga ina kake? Sudan? Chadi?"

Mato ya ci gaba da jan akala.

"Kurma ne, miskin. Najwa, ki yi masa Hausa mana, ko zai ji."

Ta kama ƙarfen sirdi har yatsunta suka yi fari. Ba ta juya ba.

*

Zangon kwanan tantuna huɗu ne da tabarmi masu warin hayaƙi. Kabsar da aka yi alkawari ta zo da kaza biyu ga mutum ashirin da biyu. Bayan sallar magariba, da mutane suka taru a kan tire, Najwa ta ce za ta zagaya. Ta bi bayan tudu inda aka yi wa raƙuma dabaibayi.

Yana tsugune yana zuba musu dusa. Ya sassauta rawanin.

"Ya sani," ta ce. "Wallahi ya sani. Da gangan ya kawo mu."

"Na gane tun da ya kira ni."

"To ka tafi mana! Ka ɓace har mu wuce."

"Saura safiya ɗaya. Umma na mota, ni ina ƙasa. Gobe war haka kuna gida."

"Sannan fa? Sati mai zuwa? Shekara mai zuwa?" Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Shekarata ashirin da tara, Mato. Na gaji da soyayyar bayan tudu. Na gaji da kashe waya idan Umma ta shigo. Ko an ɗaura mana aure wa zai rubuta shi? 'Ya'yanmu wace makaranta za ta karɓe su?"

"Mu tai gida. Na sha hwaɗa miki. Tawa ba aljanna ba ce, amma can ba a tambayar mutum takarda kahin ya kwana ɗakinsa."

"Gida!" Ta yi dariya mai ɗaci. "Ni a Karantina aka haife ni. Gidana yanzu fili ne, buldoza ta share. Ban taɓa taka Afirka ba. Hausata ma 'yan uwanka dariya za su yi mata. Kuma idan na fita na daɗe iƙamata ta mutu, halas, ba dawowa. In bar Umma da wa?"

Ya ci gaba da zuba dusa. Taguwar ta miƙo wuya ta shinshina kafaɗarsa.

"Ki auri mai wayar," ya ce can. "Ba da hushi na hwaɗa ba."

"Idan ka sake faɗa, wallahi sai na je gaban Umma na kwance rawanin nan da hannuna."

"To na bari."

"Ka ci abinci?"

"Masu ja sai baƙi sun gama."

Ta san abin da kaza biyu za su rage. Ta ciro dabino uku daga jakarta ta ajiye a kan buhun dusa, domin ko a bayan tudu ba ta yarda hannunsu ya haɗu ba. Ta juya.

A tantin mata ta sami Umma ita kaɗai tana shafa man zafi a gwiwa.

"Kin daɗe."

"Wajen da nisa."

"Najwa, zauna." Ta zauna. "Mohannad ya sake yi mini magana. Ya ce bayan Ramadan. Na ce masa to."

"Umma!"

"Na ce masa to."

"Ba na son shi, ya Umma. Kin sani. Wallahi ko muryarsa..."

"Ni na so babanki." Umma ta rufe kwalbar man. "Na so shi kamar in mutu. Shi ma takardunsa ana kan gyara su, shekara talatin da ɗaya ana gyara. Kin manta ranar da aka zana jan fenti a bangonmu, alamar za a rushe? Kin manta da muka fito da katifa a ka, aka tare mu a titi, aka ce kowa ya nuna kati? Ni na nuna, ke kika nuna, shi ya nuna tafin hannu."

"Ban manta ba."

"Aka mai da shi Kano, wata takwas ya yi cikin dangin da ba su san fuskarsa ba, ya rasu. A waya aka gaya mini. Ban yi masa wanka ba, ban ga kabarinsa ba, takaba na yi wa hoto. Wannan kike so in ba ki gado?"

Najwa ta kifa kai a cinyarta tana kuka. Umma ta dafa ta, hannun na warin man zafi.

"Yi kukanki yanzu, ya binti. Na yanzu mai sauƙi ne. Ni na san ɗayan."

Daga waje ana jin 'yan Filifin suna tafi, Bandar yana koya musu rawar takobi da sanda.

*

Da gari ya waye motar kaya ta ƙi tashi. Baƙi ashirin da biyu sun kwana suna cajin waya a jikinta, batirin ya mutu murus. Aka tura, ta nutse a rairayi har ciki. Bandar ya daki tayar da ƙafa, ya ambaci uwar motar, sannan ya juyo da murmushin mai kamfani ya ce babu damuwa, kowa zai koma a raƙumi, kaya a zo a ɗauka daga baya.

Najwa ta dubi Umma, ta dubi inda Mato yake.

"Ma'alesh, Khala," in ji Mohannad yana riƙo hannun Umma. "Ni zan zaɓar miki. Ga waccan farar, wadda Najwa ta hau jiya. Ta fi ladabi. Mai jan ta ma haka."

"Umma, ki hau waccan ta Abdelkader," Najwa ta yi saurin cewa, tana nuna ɗan Chadin da ke gefe.

Umma ta tsaya. "Yaushe kika san sunansu?"

"Na ji... na ji Bandar ya kira shi."

"Yalla, yalla, rana na yi!" Bandar ya tafa hannu.

Mohannad ya ja Umma zuwa farar taguwa.

Mato yana tsaye inda aiki ya ce ya tsaya, ƙafar dama a kan gwiwar taguwa, akala a hannu, ido a ƙasa. Umma ta zo daf da shi, har mayafinta na taɓa hannun rigarsa. Ta kama sirdi, ta yi nishi, ta ɗaga ƙafa ɗaya da ƙyar ta ɗora. Kuma da yake ita tsohuwar Bahaushiya ce da ba ta iya wuce ɗan Adam ba gaisuwa, ko ya ji ko bai ji ba, sai ta ce da shi,

"Sannu, ɗan nan. Ina kwana?"

Najwa ta ga abin tun kafin ya faru, kamar yadda ake ganin kofi na gangarowa daga tebur.

Shekara talatin da huɗu na tarbiyya ba sa jin shawarar dare ɗaya. A Tawa an koya wa Mato cewa namiji ba ya amsa gaisuwar uwar wadda yake nema a tsaye, kuma ba ya amsa ta da takalmi a ƙafa. Kansa bai yi shawara ba. Jikinsa ne ya yi. Ya zame ƙafarsa daga takalmi, ya zame ɗayar, ya durƙusa a rairayi.

Ƙafar ta bar gwiwar taguwa.

Taguwa ta ji nauyi a baya, ta ji babu kowa a gaba. Ta miƙe.

Umma ta tafi sama da ƙafa ɗaya a sirdi, ta wuntsila ta gefen wuya, ta faɗo a kan ƙugunta. Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an taka busasshen kara a cikin zane.

Sai ihun.

"Umma! Umma!"

Najwa ta zube a kanta. Ɗaya daga cikin ma'aikatan jinyar ta ture mutane, ta taɓa ƙugun, ta dubi yadda ƙafar ta juya waje, ta ce kada wanda ya kuskura ya ɗaga ta. Karaya ce. Sai motar asibiti.

Umma ta buɗe ido, gumi na tsattsafo mata. Ba Najwa ta kalla ba. Takalman ta kalla, guda biyu a jere a kan rairayi, da mutumin da har yanzu yake durƙushe a bayansu kamar an dasa shi.

"Wane ne wannan," ta ce da ƙyar, "da zai tuɓe mini takalmi a jeji?"

Rana ta riga ta fara dukan fuskar Umma. Mato ya kai hannu ya warware rawaninsa, zagaye bayan zagaye, ya miƙa wa Najwa gefe ɗaya, ya ba ma'aikaciyar jinyar ɗayan, suka yi wa Umma inuwa da shi.

"Ni ne, Umma," ya ce. "Ki gahwarce ni."

"La haula!" Mohannad ya ɗaga hannu sama. "Khala, kin gani? Wannan ne mai aikin sito! Wannan ne mai takardu! Ya yi miki ƙarya, yanzu ya karya ki!"

Umma ta rufe ido.

*

Bandar ya kira motar asibiti, ya tura musu alamar wuri ta waya. Suka ce sun gani, amma daga bakin kwalta babu hanya a taswira, kuma motarsu mai nauyi ce, idan ta shiga rairayi mai laushi ita ma sai an zo ceto. Sai wani ya fito ya nuna musu inda ƙasa ke da tauri.

Bandar bai san hanyar ba. Shi kamfani gare shi. Direban motar kayan ma bin sawun raƙuma yake yi, iska kuwa ta share sawun jiya.

"Na kira shurɗa kuma," in ji Mohannad yana mai da waya aljihu. "Dole a rubuta rahoto. Tsohuwa ce aka jikkata."

Kalmar shurɗa, wato 'yan sanda, ta yi aikinta. Ba'sudanen da ke cikin masu ja ya riga ya yi nisa a bayan tudu. Abdelkader ya kama hannun Mato.

"Taso mu tafi. Ka san gidan tsare na Shumaisi? Wata uku a tsare, sannan jirgi, kuma sun ɗauki hoton yatsunka, ba ka ƙara shigowa ko aikin hajji. Taso!"

Bandar ma ya matso, fuskarsa ta yi toka. "Ruh, ya Mato. Ɓace. Ban san ka ba, ba ka san ni ba."

"Wa zai kawo motar?" in ji Mato.

Abdelkader ya sake shi, ya girgiza kai, ya bi tudu da gudu.

Najwa ta dube shi ta ƙarƙashin rawanin da take riƙe da shi. A gefe guda ga uwarta tana cizon mayafi don kada ta yi ihu a gaban baƙi. A gefe guda ga shi. Ta buɗe baki. Ta so ta ce gudu. Ta so ta ce je ka kawo su. Duk wadda ta faɗa, ta san za ta kwana da ita har kabari.

Bai bar ta ta zaɓa ba. Wannan ita ce kyauta mafi tsada da ya taɓa ba ta, kuma ba ta gode masa ba.

Ya gurfanar da farar taguwar, ya haye, ya dunguri wuyanta da tafin ƙafa. Ta tashi da gudun da ba a taɓa nuna wa baƙi ba. Ba takalmi, ba rawani.

Minti hamsin suka jira. Samarin Pakistan suka karɓi riƙon inuwa. Matar Bamisren ta jiƙa tsumma tana goga wa Umma goshi. Mohannad ya tsuguna ya ce, "Khala, in kawo ruwa?" Umma ba ta buɗe ido ba. Ya sake tambaya. Ta juya fuskarta ɗaya gefen, duk da abin da juyin ya jawo mata.

"Najwa," ta ce can ƙasa-ƙasa. "Ya gudu?"

"A'a, Umma. Ya tafi kawo mota."

"Ya ji an kira shurɗa?"

"Ya ji."

Hawaye ya gangaro ta gefen idon Umma ya shiga kunne.

"Wawa," ta ce. "Irin babanki."

Sai ga ƙura. Taguwa a gaba tana kumfa, motar asibiti a bayanta tana bin sawu a hankali, a bayan wannan kuma motar sintiri.

Aka yi wa Umma allura, aka ɗaure ƙugun, aka ɗora ta a gadon ɗauka. Jami'in sintirin saurayi ne mai ladabi, da littafi a hannu. Ya sunkuya ya yi mata sannu, ya tambaya da Larabci yadda aka yi.

"Ni na faɗi," in ji Umma. Larabcinta na shekara arba'in ne, ba ta bukatar tafinta. "Na tsufa, na hau abin da ya fi ƙarfina. Babu laifin kowa."

"Wannan ne ya saki raƙumin!" in ji Mohannad yana nuna Mato. "Kowa ya gani."

Jami'in ya dubi Mato, ya dubi Umma. "Ya hajja, kin san shi? Mene ne sunansa?"

Umma ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta kau da kai daga inda Mato yake tsaye. Da Hausa ta amsa, ba don jami'in ba.

"Najwa, faɗa masa ke. A wajenmu mace ba ta kama sunan surukinta."

Najwa ta ji maganar ta shige ta kamar wuƙa mai sanyi. Shekara biyu tana roƙon kalmar nan. Ta yi azumi a kanta, ta yi kuka a Harami a kanta. Ga ta ta zo.

Mato ya durƙusa a inda yake.

Jami'in bai ji Hausa ba, kuma ko ya ji babu gurbin wannan a littafinsa. Ya rubuta cewa tsautsayi ne. Sannan ya juya ga mutumin da ke durƙushe ba takalmi, ya miƙa hannu cikin ladabi, ya faɗi kalmar da ake fara faɗa a Jidda.

"Iƙama."

Mato ya buɗe tafin hannunsa.

Ba a daka masa tsawa ba, ba a sa masa ankwa ba. An buɗe masa ƙofar baya kawai. Kafin ya shiga ya juyo.

"Najwa, taguwar ba ta sha ruwa ba. Ki hwaɗa ma Bandar."

Abin da ya samu ya faɗa ke nan a gaban suruka.

Direban motar asibiti ya leƙo. "Mutum ɗaya daga dangi. Yalla, da sauri."

Mohannad ya matso. "Ni zan bi ta. Ke ki huta, ya Najwa."

"Kai ba dangi ba ne," in ji Umma daga kan gado.

Najwa ta sa ƙafa a matakalar motar. A bakin kwalta hanya biyu ce, ta sani. Ɗaya ta yi asibiti, inda za a ce wata shida, wataƙila shekara, wataƙila tsohuwar ba za ta ƙara taka ƙasa ba sai da mai riƙe ta. Ɗayar ta yi inda ake tara masu jiran jirgi. Motar sintiri ta riga ta juya. Ta gilashin baya ba a ganin komai sai ƙeyarsa.

"Najwa."

"Na'am, Umma."

"Koma ki ɗauko takalman. Ba a barin takalmin suruki a rana."

Ta sauka ta ɗauko su. Fatar ta yi zafi, baƙin zaren yana nan inda ta san shi. Ta shiga ta zauna kusa da uwarta, ta ɗora su a cinya, aka rufe ƙofa.